Wutar da Baba ya ƙi sayarwa

Mahaifina mutum ne mai taurin kai. Ni ce 'yarsa ta fari, ni kuma na gaje shi, saboda haka ina da bakin faɗa. Duk ƙauyenmu, da ke bakin kogi ƙasa da Rusairis kaɗan, an san cewa in ya ce a'a, gara mutum ya tashi ya nemi wani abin yi. Amma taurin kansa da ya fi kowanne daɗewa, wanda har ofishin gwamnati ya gaji ya ƙyale shi, shi ne na wutar lantarki, wadda mu can muke kira kahraba.

Iyayensa sun taso daga yamma da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsintar auduga a Wad Haddad kafin su tara na gaba, tsayuwar da ba su tashi daga ita ba ke nan har ƙasa ta rufe musu ido. A can Baba ya girma. Ya tsani auduga, ya ce ba ya son sana'ar da ke sa namiji yini a duƙe, sai ya liƙe wa masu kula da injinan ban-ruwa har hannunsa ya faɗa. Da ya tara abin da ya tara, ya auri Innata, suka hauro kudu inda ruwan sama ke isar dawa ba sai an roƙi kowa ba. Ya sayi tsohon injin niƙa ya kafa a wata rumfar kwano a bakin hanya. Tahuna muke ce masa.

Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar tahunar nan. Tun daga gaɓar kogi ake jiyo ta, tuk-tuk-tuk, masunta ma da ita suke gane hantsi ya yi. Mata su jera ƙoren dawa a ƙofa, su zauna a inuwar goruba suna gulmar waɗanda ba su iso ba tukuna. Warin gari mai zafi ya haɗu da na jaz, man da injin ke sha, ya zama wani ƙamshi da ban sake jin irinsa ba a ko'ina. Baba yana ciki, fari fat har gira, ba ya dariya ba ya hira, sai dai ya miƙo hannu a ba shi ƙwarya.

Daura da tahunar, ƙetaren hanya, akwai ɗan asibitin gwamnati mai ɗaki biyu da muke kira shafakana. Hakim ɗaya ne a ciki, wato mai ba da magani, sai ungozoma da ake kirowa in haihuwa ta zo da gardama. A nan Inna ta rasu, wata damina, wajen haihuwar ƙanina da shi ma bai zo da rai ba. Ina 'yar budurwa lokacin, ba a bar ni na shiga ba. Abin da na sani shi ne abin da ungozomar ta fito tana faɗa cikin kuka, cewa jinin ya ɓalle ne ta inda ba ta gani, fitilar ƙwai ce kawai a hannunsu, da akwai haske da wataƙila ta kama shi. Tana faɗa ne don ta sauke wa kanta nauyi, ba ta lura Baba na tsaye a bayanta ba.

Bai yi kuka ba. Mazan lokacinsu ba sa yi wa mace kuka a gaban mutane, ko sunanta ma ba sa kamawa. Ya karɓi gaisuwa, ya yi sadakar arba'in, sannan ya kulle tahuna ya hau lori bai gaya wa kowa inda za shi ba. Yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita ta dawo gidanmu da zama don ta riƙe mu, ta ce mu bar shi, ya tafi neman mata ne. Sai ga shi ya dawo daga Hasahisa da wani ƙarfe mai nauyi naɗe cikin buhuna, wanda ya saya a wajen masu gwanjon kayan masana'antar auduga. Gwaggo ta zagaya shi, ta taɓa da ƙafa, ta ce wannan amaryar ko tuwo ba za ta iya tuƙawa ba.

Dinamo ne, injin ba da wuta. Ya girka shi kusa da injin, ya haɗa su da bel, ya saro gwafanni daga dajin bagaruwa ya kafa, ya ja waya ta ƙetare hanya zuwa shafakana. Ƙwai ɗaya a ɗakin hakim, ɗaya a ɗakin haihuwa, ɗaya a baranda. Ranar da ya fara kunnawa, da magariba, duk ƙauyen ya fito. Tsofaffi suna salati, yara suna tsalle, wata tsohuwa ta yi ta hura ƙwan baranda don ta ga ko zai mutu. Shi kuwa yana tsaye a ƙofar rumfarsa yana goge hannu da tsumma. Liman ne kaɗai ya gaya wa niyyarsa, limamin kuma ya gaya wa matarsa, kafin gari ya waye kowa ya san cewa hasken sadaka ne ga Inna, ladan nata ne muddin yana ci.

Haka muka rayu shekaru. Kullum in rana ta faɗi ya tada inji, sai an sallame isha da jimawa ya kashe, in kuwa ungozoma ta aiko to ba lokaci. Barandar shafakana ta zama dandalinmu. Mata su zo da gyaɗarsu su ɓare a gefen haske, 'yan makaranta su kwanta rub-da-ciki suna bita, tsaka su cika bango suna farautar ƙwari. In ruwan farko ya sauka, shinge, ƙwarin nan masu fiffike, ya taso ya rufe ƙwan, mu kawo tasa da ruwa mu tara, Gwaggo ta soya mana da gishiri. Ni ma a gefen hasken nan wanda na aura ya fara tsayawa yana tambayata lafiyar Gwaggo, alhali yana ganinta zaune tana ɓarar gyaɗa.

Kada na yi ƙarya, hasken ya ci mana tuwo. Duk abin da tahuna ta samo da rana, dinamo ya shanye rabinsa da yamma. Nama sai ranar kasuwa, shi ma ba kowace ba. Gwaggo ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida don a samu na sukari da shayi. Tana mita, ina mita, amma ba wadda ta taɓa cewa a kashe. Mun san abin da ake saya da man.

Sai aka fara gina babbar madatsar ruwan nan a sama da Rusairis, wadda kowa ke kira kazzan. Duniya ta cika gari. Manyan motoci dare da rana, baƙi masu jan kunne, samarinmu duk sun watsar da fartanya sun tafi leburanci. Aka ce in an gama, kogin da kansa zai riƙa haifar da kahraba. An gama ginin, aka tare ruwa, amma kahrabar ta yi nawa, shekara na bin shekara. Kafin ta iso, ofishin wuta ya fara kafa turakunsa a ƙauyukan da ke kan hanya, don ranar da za ta zo ta tarar da waya a shirye.

Wata ranar rani wani afandi, wato ma'aikacin gwamnati, daga ofishin ya sauka a ƙofar tahuna. Balarabe ne daga arewa, siriri, mai farin wando da takalmi sau-ciki, ga ladabi. Ya kira Baba da usta, kamar yadda ake kiran gwanin inji, ya yaba aikin wayar, ya ce bai zaci zai tarar da haka a ƙauye ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, na dafa gahawa da citta na miƙa. Ni da Gwaggo muka zauna bayan zana, inda muke jin komai.

Bayanin nasa ba wuya. Shafakana ginin gwamnati ne, daga yanzu wutarsa ta wayar ofis za ta bi, ba a yarda wani ya ƙetara hanyar gwamnati da tasa wayar ba. Amma tunda ta kazzan ba ta iso ba, duk inda aka sami mai inji, ofis yana haɗa injin da wayarsa, ya sa mita a bakin rumfa tana auna abin da ya fita. Ƙarshen wata a biya mai injin da jaz, ganga-ganga, gwargwadon yadda mitar ta juya. Ya ce wani ɗan kasuwa mai injin ƙanƙara a Rusairis ya shiga tsarin, yanzu yana ta godiya. Wato dai abin da Baba ke yi da aljihunsa, zai ci gaba da yi, sai dai yanzu gwamnati za ta ɗauke masa man.

Na matse hannun Gwaggo don murna. Ina ta lissafin nama a raina. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce turaku sun yi, waya ta yi, mita ma a sa in ana so. Sannan ya ajiye finjalinsa.

"Amma ban da biya, afandi. Ni ban saida wutag ga."

Afandin ya ɗauka ciniki ne, irin na mutanen kasuwa, ya ce adadin ba a hannunsa yake ba amma zai yi magana a ƙara. Baba ya ce ko an ƙara. Afandi ya tambayi dalili. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi rufin zaure, ya ce haka nan dai. Ba zai iya buɗe baki a gaban baƙo ya ce don matarsa yake yi ba, ko da za a yanka shi. Gwaggo ce ta gaji, ta ɗaga murya ta bayan zana, da larabcinta na masu ƙosai, ta faɗa wa afandin komai tun daga daminar nan.

Afandin mutumin kirki ne. Ya yi wa Inna addu'a, sannan ya kawo shawarar da kowane mai hankali zai kawo. Usta ya karɓi jaz ɗin, ya sayar, ya ba da kuɗin sadaka da sunan marigayiya, lada biyu ke nan. Aka kira liman, shi ma ya ce hakan ya halatta, har ya fi. Ni dai a bayan zana ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa.

Baba ya juya wajen liman.

"Malam, in na saida ma wani dawa ya ci, na ɗauki kuɗin na ba wani can, wanda yac ci dawar sadakata yac ci?"

Liman ya ce a'a, wannan saye ya yi.

"To matar da za a kawo ɗakin can, hasken saye za ta gani. In ta yi addu'a, gwamnati taka yi wa. Ni haske niy yi alkawari, ba kuɗi ba."

Liman ya kurɓi gahawarsa. Daga baya ya sha cewa maganar Baba ba ta zauna a littafi ba, amma ya rasa ta inda zai kama ta.

Afandin ya shiga tsaka mai wuya. Ya ce ofis ba shi da hanyar karɓar wuta kyauta daga hannun mutum. Duk abin da ya shiga wayarsu sai sun biya, in ba su biya ba shi za a tuhuma. Ko dai usta ya karɓa, ko a cire injinsa, shafakana ta koma fitilar ƙwai har ranar da ta kazzan za ta iso. A nan ne na ga tsoro a fuskar Baba, karo na farko a rayuwata. In ya karɓa, sadakar Inna ta zama ciniki. In ya ƙi, ta yanke gaba ɗaya.

Ƙarshen wata motar ofis ta zo da ganga. Direba ya tambayi inda za a sauke. Baba, daga cikin rumfa, ko fitowa bai yi ba, ya ce hanya ta gwamnati ce, kaya na gwamnati ne, su aje inda suka ga dama ban da cikin shingensa. Suka mirgina ta gindin wata kuka a bakin hanya suka tafi. A wajen afandi an biya. A wajen Baba bai karɓa ba. Kowannensu ya san abin da ɗayan ke nufi, ba wanda ya sake tada zancen, in sun haɗu sai gaisuwa da gahawa.

Gangunan suka yi ta taruwa a gindin kuka. Awaki na hawa, yara na kiɗa a kai, matafiya na jingina suna jiran lori. Ba wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya, don an ce kayan mamaciya ne, duk da cewa ainihin rigimar ita ce ba nata ba ne. Sannan aka shiga shekarun da jaz ya yi wuya. Baba ya riƙa bin direbobin lori yana saye da tsada, galan-galan, yana dawowa da shi a kan jaki, ya wuce ta gaban gangunan nan bai ko waiwaya ba. Lokacin na yi aure, ina unguwar gaba. Mijina na noman riɗi, mai tarakta ya ce ba zai shiga gonarsa ba sai ya kawo mai. Ya je ya durƙusa wa Baba ya roƙi aron ganga ɗaya. Baba ya ce ba nasa ba ne balle ya ba shi.

Ranar na je gida na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce wannan ba ibada ba ce, girman kai ne. Na ce Inna da na sani, mace mai tattalin ko ƙwayar gero, da tana gani da ita za ta fara fasa gangar. Ya bar ni na gama, ya ce in na ƙare in miƙo masa sifana. Har yau, in na tuna gonar riɗin da ta tafi a banza shekarar nan, raina yana ɓaci, kuma ban janye maganata duka ba.

Gwaggo ce ta kashe maganar gangunan. Famfon rijiyar gari ya tsaya don rashin mai, mata suka koma ɗiban ruwan kogi. Ta yafa mayafi ta je ta sami mai kula da famfon, ta ce masa ita dai ta ga man gwamnati yashe a kan hanyar gwamnati, ga kuma famfon gwamnati na jin ƙishi, ba ta san ko idonsa na gani ba. Washegari aka zo da amalanke. Baba ya tada tahuna tun kafin lokacinta, ya ba hanya baya, ya yi ta niƙa har aka kwashe. Daga nan duk gangar da ta sauka, can take wucewa.

Sai kahrabar kazzan ta iso. An yi biki, an yanka sa, 'yan mata sun yi gaɗa a ƙarƙashin sabuwar fitilar kan titi. Masu hali suka ja waya gidajensu. Ma'aikatan ofis suka zo da tsani, suka cire mita daga bakin rumfa, suka yanke wayar tahuna suka naɗe. Da yamma shafakana ta haska fiye da yadda ta taɓa yi, fari tas, ba rawa ba lumshewa, kuma ba ƙarar komai. Wannan shirun na magariba shi ya fi damuna. Na saba da bugun injin kamar yadda mutum ke sabawa da tarin tsohon gidansu.

Baba ya ci gaba da niƙa da rana, amma ya zube. In rana ta faɗi sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya daina zama a zaure, don daga nan ana hango barandar shafakana. Tuwo ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai shi. Gwaggo ta yi zagi, ta yi lallashi, ta kira liman ya gaya masa cewa ladan shekarun baya yana nan ba ya goguwa. Ya ce ya sani. Wata yamma na kai masa kunu na tarar da shi a rumfa yana shafa wa dinamo mai, abin da ba ya aiki. Bai ɗago ba ya ce:

"Na bar ta cikin duhu."

Na ajiye kunun na fita bayan rumfa na yi kukana.

Ana haka afandi ya dawo, gashinsa ya fara fari, an kusa mai da shi wani gari. Ya zo da tayin ƙarshe da ofis ke yi wa masu injin da aka sallama. Ko a sayi dinamon da daraja, ko a ja wa gidan mutum wuta ya sha shekaru bai biya ba. Ya faɗa ne a sanyaye, don ya san amsar. Baba ya yi godiya ya ce a kai wa mai so.

Da afandin ya fito zai hau mota, na sha gabansa. Matar aure ba ta tare namiji baƙo a hanya, amma ranar ban damu ba. Na ce masa shekara da shekaru yana zuwa gidan nan da abu a hannu, shi kuwa tsohon nan ba a ba shi yake so ba, a karɓa yake so. In ofis na da sakayyar da zai yi masa, to ya nemo masa hanyar da zai ci gaba da bayarwa, in babu kuma su daina wahalar da motarsu. Na faɗa da zafi, har da nuna yatsa. Ya dube ni, ya ce lallai ni 'yar usta ce, ya shiga mota.

Bai yi sati biyu ba ya dawo da ma'aikaci ɗaya da wani akwatin ƙarfe mai mariƙi. Suka kafa shi a bangon shafakana. Suka tona rami suka binne waya ta ƙarƙashin hanya har rumfar tahuna, tunda ta sama ce doka ta hana. Sannan ya kira Baba ya nuna masa. In mariƙin na sama, ɗakunan na shan wutar kazzan. In ta ɗauke, hakim ya ja shi ƙasa, sai su koma kan dinamo. Ya ce kowane asibiti yana da ikon ajiye injin ko-ta-kwana.

Baba ya tambaya ina mita.

"Babu mita, ya usta," in ji afandi. "Wannan ba ta taɓa wayarmu. Abin da bai shiga wayarmu ba, ba mu san da shi ba, ba kuma za mu biya ko sisi ba."

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da an ce ba za a biya shi ba kamar yadda Baba ya yi ran nan. Ya kama hannun afandin da hannu biyu ya ƙi saki. Ya sa aka kama raguna biyu cikin na Gwaggo, ba da izininta ba, aka ɗaure a bayan motar. Afandi ya ce ba zai karɓa ba, Baba ya ce ai ba a yi wa mutum haka, yana ba ka abu kana ƙi. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Sai dai duk ranin nan wutar kazzan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Baba ya yi ta jira. Kullum da la'asar ya duba mai, ya gwada bel, ya zauna a ƙofar rumfa yana kallon fitilar titi kamar mai jiran baƙo. Na fara tunanin afandi ya yi masa dabara ne kawai don ya ci abinci.

Da damina ta kankama kogi ya kawo. Ruwan ya zo ja wur daga duwatsun Habasha, ɗauke da laka da itatuwa har da saiwarsu, suka toshe bakin injinan kazzan. Wata la'asar, hadari ya rufe gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba, sai wuta ta ɗauke ɗif. Ko'ina ka ji tsaki da salati. Ina gidanmu ran nan. Baba na zaune da buta zai yi alwala, ya dubi sama, ya dubi titi, ya watsar da butar ya zura da gudu. Tsoho mai furfura, laka ta cire masa takalmi ɗaya bai tsaya ba. Kafin na iso ya tada inji, hakim ya ja mariƙi, ƙwan baranda ya kawo ja-ja yana rawa kamar da. Ba kowa a shafakana sai hakim da wani makiyayi da ƙaya ta soke shi a ƙafa. Baba ya tsaya cikin ruwan sama yana kallon hasken, ya aike ni in gaya wa hakim ya kunna duka, har na ɗakin da ba kowa.

Mijina ya ba ni labarin cewa da aka idar da magariba liman ya roƙi Allah ya dawo wa gari da wuta, sahu duk ya amsa amin, ban da mutum ɗaya. Baba ya dawo gida ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Haka ya zama mana al'ada. Duk shekara in kogi ya kawo, gari na kuka da duhu, Baba na ƙiba. Mutane suka riƙa tsokanarsa cewa shi ke zuwa da dare yana tura itace bakin kazzan. Ya ce da yana da ƙarfi da ya yi. Da ƙarfin ya ƙare, hannunsa ya kasa juya injin, ni ya koya wa. Ya ƙi koya wa mijina, wai hannunsa na gaggawa ne. Sai in ɗaure zane, in kama mariƙin injin in yi ta juyawa har ƙafar injin ta ɗauki gudu, shi kuma ya saki ɗan ƙarfen da ke sa ta kama.

Ciwon ajalinsa ya zo a farkon wata damina. Yana kwance a ɗakinsa, ya rame, ba abin da yake tambaya sai ko kogi ya kawo. Na ce ruwan ya fara ja. Ya ce in kula da bel, ya kusa tsinkewa, kada kuma in yarda kowa ya sa mita. Na ce ya kwantar da hankalinsa, muddin ina da hannu injin ba zai kwana ba, kuma daga yanzu duk ranar da na tada shi zan yi niyya da su biyu, shi da Inna.

Ya buɗe ido ya harare ni, irin hararar da yake yi wa afandi.

"Kul. Kada ki raba. Duk nata na."

Na ce masa to, don kada ya wahalar da numfashinsa. Amma duk ranar da na kama mariƙin injin nan a bayansa, su biyu nake ambata.